Salamata Mailafiya da Takardun da Aka Ɗauka a Kan Atamfa

Mutanen Zango 'yan kasuwa ne, jikokin fataken goro da tufafi. Ba su rasa sana'a ba, abin da suka rasa shi ne wurin ajiye takarda. Ruwa ya ci wasu, gara ta ci wasu, yaro kuma ba ya zama jarrabawar CEP ta kammala firamare sai da takardar haihuwa. Shi ya sa ƙungiyar iyayen yaran lekol ɗinmu, wato makaranta, ta sayi na'urar ajiyar hotunan takardu, ta damƙa ta ga Salamata Mailafiya. Shekara goma sha huɗu ke nan, ƙarshen wannan wata za ta ajiye aiki.

Kullum da safe takan share ƙurar na'urar, ta duba ko wuta ta ɗauke, sannan ta buɗe hotunan takardun da iyaye suka turo ta waya, ɗaya bayan ɗaya.

Bara na'urar ta cika. Shugaban ƙungiya, Alhaji Salifu, ya ce a goge na shekarun baya a samu wuri. A cikinsu akwai takardar Nabila, ɗaliba 'yar aji shida, ta asalin ta ɓace lokacin da iyayenta suka tashi daga unguwar Gounghin, kuma ba mai tuna lambarta. Saura mako uku a rufe rajista.

"Alhaji, ba zan goge ko ɗaya ba," in ji Salamata.

"To Madam, a ɗakinki za ki zuba su?"

"Ka ba ni mako biyu."

Ta san manyan kamfanonin unguwar Ouaga 2000 sun daina sayen akwatin ajiya a kan akwatin ajiya, suna sa na'ura ta matse bayanai tun suna shiga. Ta gwada, wurin da ya samu kaɗan ne. Ta zauna tana kallon hotunan har ta gano dalili. Mutanenmu kan shimfiɗa takarda a kan atamfa mafi kyau kafin su ɗauka, don girmama ta. Fili fari yana matsuwa ƙwarai, furanni da zanen atamfa ba sa matsuwa. Rabin na'urar zane ne.

Hoto dubu huɗu ta bi da hannu, tana yanke atamfar, tana matsewa, tana duba hatimi da lamba ko suna karantuwa. Matan unguwa ta bi su rumfa rumfa.

"Tanti Fadimatu, a kan farin mayafi za ki ɗora."

"Zanen nawa ne bai yi miki ba? Na Holan ne fa."

"Ya yi kyau, Tanti. Kyan nasa ne ke cinye wurin jikokinki."

Rana ta goma sha ɗaya aka fitar da takardar Nabila, mahaifiyarta ta kai meri, ofishin magajin gari, aka yi mata sabuwa.

Ke ce, Salamata, mai haƙurin duba abu sau biyu. Ke ce kika ƙi sauƙin gogewa. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Duk wanda aka ba ajiyar mutane, ya yi koyi da ke: ya nemi inda nauyin yake kafin ya zubar da komai.

Bayan jarrabawa na tambayi Nabila ko ta fahimci aikin da aka yi. Ta ce ba ta san yadda ake matse hoto ba. Abin da ta gane shi ne an so a cire sunanta, wata mata ta ce a'a.