Mama Rahila Mai Tuwon Bakin Tasha

Mama Rahila ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a teburina a Mararaban Rido, hannuna duk maiƙo. Wani direba ɗan Kafanchan ne ya tsaya sayen nama, yana karɓar leda ya ce, "Au, Malam Shu'aibu, ka ji mai tuwon nan taku ta bakin tasha ta cika jiya?" Haka kawai, kamar mai ba da labarin ƙarin kuɗin fetur.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye wuƙa na nemi wuri na zauna. Har yanzu na kasa komawa kan naman, shi ya sa kuka gan ni nan ina danne-dannen waya.

Yaran yanzu ba ku san ta ba, bari in gaya muku.

'Yar Fadan Kaje ce, Kirista. Mijinta ma'aikacin reluwe ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Tana da rumfar abinci daf da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, lokacin da tashar take amsa sunanta. Jirgin Fatakwal, na Jos, na Kaduna, duk wanda ya tsaya sai ya zazzage mata mayunwata. Ni kuma sabon mahauci ne, na fara cin gashin kaina ke nan.

Rumfar Mama ba ta da allon suna. Ni ne allon.

Ba ta sayen yankakken nama. Akuya take sayowa da ranta daga Samaru Kataf ko ƙauyukan kusa, ta ɗaure a gindin mangwaron ƙofar rumfa. Da safe, in mutane sun fara kai-komo, sai in zo da hulata da wuƙata, in fuskantar da dabba gabas, in yi bisimilla, in yanka, kowa yana gani. Ranar farko na ce mu zaga baya mana, ya fi tsabta. Ta ce, "A baya wa zai gani? Yanka shi a nan, Shaibu. Kuma ka ɗaga murya."

In miya ta nuna, kwanon farko nawa ne, amma da sharaɗi. Ba a ciki zan ci ba, sai a bencin waje, ina fuskantar hanya. Duk Musulmin da ya sauko daga jirgi yana waige-waigen inda zai sa wani abu a bakinsa, in ya hango mahauci da hula yana suɗe yatsa, magana ta ƙare.

Nakan yi mata tsiya cewa ta mai da ni ɗan talla ba albashi. Sai ta ce, "Albashinka yana cikin kwano. Ci ka yi mini shiru."

Ba ta sayar da giya. Alade ko kare bai taɓa shiga tukunyarta ba, alhali akwai masu so a cikin mutanenta. A bayan rumfa akwai buta da tabarma. A gaba kuma, in matan zumunta sun taso daga coci, nan suke yada zango su dame mu da waƙa. Malaman makaranta, 'yan reluwe, fatake masu sayen citta, fasto da ladan, duk benci ɗaya, ana cin tuwon acca da miyar karkashi ana musun ƙwallo.

Jarinta na kuɗi bai taka kara ya karya ba. Abin da ya riƙe kasuwarta shi ne kowa ya yarda da tukunyar.

Ranar da wuƙa ta zame ta tsaga min babban yatsa, ɗankwalinta ta yage ta ɗaure min, tana ta zagina da yarensu. Tabon yana nan.

Da azumi ba ta fasa zuba min. Rufewa take yi ta aika gida kafin a sha ruwa.

Da matata ta yi haihuwar fari, Mama ce ta riga dangina zuwa, da tukunyar gwate a ka.

Sai shekarar tamanin da bakwai ta zo.

Ba zan ba da labarin rikicin ba. Wanda ya gani ya sani, wanda bai gani ba Allah kada Ya nuna masa. Abin da zan faɗa shi ne rumfar Mama ba ta ƙone ba, ko kwano ɗaya ba a fasa mata ba. Muka yi ta yi mata barka, muna cewa Allah Ya tsare.

Ashe ba mu san komai ba.

Namu suka fara gaishe ni daga nesa. Ina zaune a benci da kwano a gabana, mutum zai ɗaga min hannu ya wuce da yunwarsa. Wani dattijon unguwarmu ya ja ni gefe ya ce, "Kai ka ga yanka, mun ji. In ka tafi kuma fa, ka san abin da ake zubawa?" Nata mutanen su ma suka janye. Suka ce ta fi son mu, tunda har yanzu buta da tabarma suna nan.

A tsallaken titi wata ta buɗe nata wurin, da firij, giya mai sanyi da farfesun alade. Ya cika maƙil. A cikin unguwarmu wata Hajiya ta aza tukunya, ita ma har layi ake yi. Duk wanda ya zaɓi ɓangare ya sami kasuwa. Mama tana tsakiya, tana korar ƙuda.

Ƙanen mijinta, wani malamin sakandare, a gabana ya ce mata, "Mama Tabita, in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi. Ki sa giya, ki sa alade, mutanenmu za su dawo gobe." Tabita ita ce babbar 'yarta.

Ta ce, "Idan alade ya shiga tukunyan nan sau ɗaya, babu sabulu da zai fitar da shi. Ran da gari ya yi sanyi mutanen Shaibu suka dawo, in ce masu mene?"

Ni ma da bakina na ce, "Mama, ki yi abin da zai fisshe ki, wallahi ba zan ji haushi ba. Kina da marayu." Ta harare ni ta ce, "Kai dai ka yi yankanka."

Ta ɗauka abin na ɗan lokaci ne. Duk shawararta ta gina ta a kan cewa garin zai dawo yadda yake. In kuskure ne, to shi ne kuskurenta.

Garin bai dawo ba, sai ma abubuwa suka yi ta taruwa mata. Jirage suka fara ja da baya, daga kullum zuwa jefi-jefi, har ciyawa ta soma cin layin dogo. Manja, gishiri, itace, komai ya yi tashin gwauron zabo. Albashi ya zama sai an ga dama, malamai suka koma cin abinci a gida. Da aka yi rikicin Zangon Kataf a casa'in da biyu, fataken citta da suka rage mata su ma suka ɗauke ƙafa.

Akuyar kullum ta koma ta ranar kasuwa. Daga nan ta koma cinya ɗaya daga teburina. Daga ƙarshe sai kaza.

Ko kazar ma sai ta sa na yanka a ƙofa na ɗaga murya. Daga ni sai ita sai mangwaro. Wallahi akwai ranar da na yi bisimillar nan hawaye ya cika min ido, na ce mata hayaƙi ne.

Abin da ya fi ƙona min rai, babu wanda ya taɓa lissafa ta cikin waɗanda suka yi asara. An yi ta zaman sulhu, an yi ta maganar gidaje da shagunan da aka ƙona. Ita da ba a ƙona mata komai ba, wa zai saurare ta? Ana babbakar giwa wa ke jin ƙaurin zomo.

Teburina ma bai tsira ba, don rabin masu sayen namana Kiristoci ne. Wajen ƙarshen shekarun casa'in na haɗa iyalina za mu taho nan. Na je yi mata sallama da hantsi, na same ta tana wanke babbar tukunyar da ta daɗe ba ta aza ba.

Na gaya mata. Ba ta ɗago ba, ta ce, "To wa zai yanka mini?"

Na ambaci sunan wani mahauci, na ce na riga na yi masa magana.

Ta ce, "Ba wuƙa ne matsala ba, Shaibu. Wa zai zauna ya ci?"

Ta ƙulle min acca a leda ta ce in kai wa matata, ta ce Ubangiji Ya kiyaye hanya. Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Ba a jima ba na ji ta rufe rumfar ta koma Fadan Kaje tana noman citta. Da waya ta zo mukan gaisa da Sallah da Kirsimeti, amma ko sau ɗaya ba ta sake yi min maganar abinci ba.

Ɗazun nan na kira Tabita don in yi mata ta'aziyya. Kafin in gama ta ce, "Baba Shaibu, dama ina neman ka. Mama ta bar magana. Ta ce saniyan da za a yanka ran bisonta kada kowa ya taɓa, sai kai. Ta ce kada a dafa alade ranar, domin mutanenka su samu su ci."

Sannan ta ce, "Baba, abeg, za su zo?"

Waɗanda muka ci tuwon nan tare, wasu sun mutu, wasu sun watse, wasu kuma ko ka ba su mota kyauta ba za su bi hanyar Fadan Kaje ba.

Ni dai zan je jana'izar ran Asabar in Allah Ya kai mu, da hulata da wuƙata.

Masu shirin yi min wa'azi a ƙarƙashin rubutun nan, ku huta, na san karatun. Ita na bar ta ga Ubangijin da Ya halicce ta, Ya fi ni sanin ta. Roƙona shi ne Allah Ya ba Tabita da ƙannenta haƙuri, Ya sa alherin uwarsu ya bi su duk inda suke, Ya ji tausayin Kafanchan, Ya dubi duk mai ƙaramar sana'ar da rigimar manya ta cinye ba a ji kukansa ba.

Ku taya ni da addu'a, kowa yadda ya iya. Duk wanda kuma ya san ya taɓa cin tuwon Mama Rahila, don Allah ya roƙa min kada in zauna gaban naman saniyar nan ni kaɗai.