Mato Mai Cika Motar Kibiya

Duk wanda ya taɓa shiga tashar motar Rano da kaya a hannu ya san Mato. Kana tafe kana tunanin gabanka, sai ka ji wuf! Hannunka ya yi sakayau. Kafin ka ce innalillahi jakarka ta shige but ɗin mota, wani siririn mutum mai jar hula yana ihu, "Kibiya! Kibiya! Saura mutum ɗaya!" Kai kuwa Kano za ka. Wannan ba matsalar Mato ba ce, ai Kibiya ma gari ne.

Ɗan kamasho ne, aikinsa cika mota. Abokan sana'arsa da baki suke nema, "Hajiya, ina zuwa? Alhaji, ga gidan gaba babu kowa." Mato ya ce wannan ɓata yawu ne. Karatunsa ɗaya ne, kuma kyauta yake biya wa mutane shi a teburin mai shayi: "Mutum kayansa yake bi. Kama kaya, ka kama mai kaya. Kallon fuska na masu neman aure ne." Ka ji manyan malamai!

Abin ba a tasha ya fara ba. 'Yan unguwarsu sun ce tun yana yaro, in aka watsa alawa a wurin ɗaurin aure, sauran yara sai dai su tashi da ƙasa a farce. Da ya girma ya gwada noma, ya ce gero ba ya sauri. Tasha ce ta gane darajarsa. A nan ya fizge buhun barkono, ya wafce ƙwaryar nono daga kan mai ita har rabi ya zube, ya taɓa sungumar akuya ya bar mai akuyar tsaye da igiya. An zage shi, an kai ƙararsa wurin shugaban tasha, amma mota ta cika, to me kuma ake so?

Mato yana da mata, Tani, 'yar Nariya ta ƙasar Kibiya, mace mai haƙuri da ƙarancin magana. Tun da suka aurar da 'yarsu Salma gidan ya yi mata faɗi. Shi kuwa gogan yadda yake a tasha haka yake shigowa gida: sallama daga ƙofa, wuf kwanon tuwo, wuf buta, wuf rediyo. Ta yi kitso, bai gani ba. Ta yi lalle da sallah, ya karɓi kofin ruwa daga hannun da ke da lallen, bai gani ba. Ta yi zazzaɓi har wuyanta ya fito, abin da ya lura da shi kawai shi ne miya ta yi gishiri.

Wata safiya yana ɗaura agogo ta ce, "Malam, wallahi na gaji. Wata rana zan tafi gidanmu, kuma ba za ka sani ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ta ina? Ko kaza ce za ta Kibiya sai ta bi ta hannuna."

"To, shi ke nan," in ji Tani.

Ranar kasuwa ta haɗa tufafinta a tsohuwar jakar bakko. Da tafiyar kawai take so, ga 'yan acaɓa nan a bakin layinsu, da sun kai ta har ƙofar gidansu babu wanda ya sani. Amma mace ba ta yin yaji don ta tafi, don a tare ta take yi. Sai ta yafa mayafinta, fuska a buɗe, ta nufi tasha.

A lokacin motar Kibiya ta daɗe a rana, fasinja sun fara tsaki, wuri ɗaya ya ƙi cika. Mato ya hango jakar bakko tana shigowa, ya ga abokin hamayyarsa Saminu shi ma ya nufe ta, sai kuma Saminun ya ja ya tsaya. Oho, tsoro ya ji ke nan! Mato ya yi tsalle ɗaya, wuf, jaka ta zo hannu.

"Kibiya! Shiga, Hajiya, ke ake jira!"

Ya cusa jakar a but, ya duƙa yana ɗaure murfin da igiya. Hajiyar ba ta shiga ba. Tana nan tsaye a gefensa, har inuwarta tana kan hannunsa.

"Hajiya, a taimaka mana, rana tana yi," ya ce, idonsa na kan ƙulli.

Direba ya danna ham. Ta shiga. Mato ya rufe ƙofa garam, ya bubbuga saman motar, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya!" Sannan ya juyo yana karkaɗe hannu. "Saminu, ka ga aiki? Ku tsaya kallon fuska."

Saminu ya riƙe haɓa. "Mato, ka san wa ka loda?"

"Fasinja."

"Tani ce fa. Matarka."

Ranar mutanen tasha suka ga Mato yana gudu babu kaya a hannu. Motar ta riga ta sha kwana. Ya juya gida, ya tarar da murhu a sanyaye, ƙusar da ake rataye jakar babu komai a jikinta. Ya zauna a bakin ƙofa.

Da ya shirya biko ya sayi goro ya tafi Nariya. Yayan Tani, Malam Muntari, ya karɓe shi a zaure, aka gaisa a mutunce.

"Biko ka zo? Ikon Allah. Mu a saninmu ba yaji ta yi ba. Cewa ta yi kai ka sa ta a mota da hannunka, har da addu'a."

"Yaya, kuskure ne. Aiki ne ya sha kaina."

Aka kira Tani. Ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida, ta ce, "Yaya, tambaya ɗaya gare ni. Ya faɗi irin mayafin da na yafa ranar, yanzu in ɗauko jakata in bi shi."

Mato ya buɗe baki. Jakar kam ga ta nan a idonsa tar: ratsin ja da shuɗi, zif ya lalace, hannu ɗaya an ɗaure da tsumma. Mayafi fa? Ya laluba, ya laluba.

"Ja ne... a'a, ruwan toka."

"Kore ne," in ji Tani. "Kai ka sayo min shi ranar sunan Salma. Na tsaya a gabanka, Malam. Na tsaya har direba ya gaji da ni." Ta juya ta koma ciki, Malam Muntari ya turo masa goronsa.

Mato yana nan a tasha har yanzu da jar hularsa, sai dai motarsa ita ce ta ƙarshen cika. Saminu ya wafce fasinja a gabansa ko motsi ba ya yi. Da zarar motar Kibiya ta tsaya sai ya matsa bakin ƙofa, hannu a baya, yana duba fuskar duk macen da ta sauko, ɗaya bayan ɗaya. Tani ba ta sauko ba tukuna.