Shekarar da Mbah Ngatiyem ta ajiye kwando

Shekara arba'in da ɗaya Mbah Ngatiyem ta yi tana goya kwando a baya, kwalabe takwas a ciki, tana zaga unguwanninmu da jamu, jiƙon gargajiyarmu. Na kurkur da tsamiya ga mata, na citta ga masu tari, mai ɗacin nan kuma ga magidantan da soye-soye ya yi wa yawa. Ba jiƙon kaɗai ake saye ba, har da bakinta. Ita ce za ta dubi ɗan acaɓa ta ce, "Shanye mai ɗacin, ɗan nema, tumbin nan naka ya fara riga ka shiga gida." Ta kan gane mace na da ciki tun kafin mijinta ya sani.

Da ɗanta Darmaji ya samu aiki a birnin Semarang, sai ya zo ya shimfiɗa mata tayil a gida, ya sa fanka, ya zauna a gabanta cikin ladabi.

"Inna, ya isa haka. Ki huta. So kike a ce na ci na ƙoshi na bar uwata tana talla?"

Ta yi murmushi ta ce to. Tsohuwa a nan ba ta ce wa ɗanta a'a idan da alheri ya zo. Aka rataye kwandon a bayan kicin, kowa yana sa wa Darmaji albarka.

Ƙanwarsa Tukinah, wadda ke zaune da uwar, ita ta ga abin da ya biyo baya. Cikin 'yan watanni tsohuwar ta daina tsokanar kowa. Ta daina taje kai. A zuba mata shinkafa da soyayyen tempe, wainar waken soya, ta yi loma biyu ta ture. Tsoffin masu sayen jamu su leƙo gaisuwa, ta ce a ce tana barci, alhali idonta biyu, tana kallon bango.

Mu kuwa duk wanda jikinsa ya mutu, magana ɗaya muka sani: sanyi ya shige shi. Maganinsa kuma ɗaya. Tukinah ta ɗauko kwandala da man kwakwa, ta zaunar da uwar, ta koma bayanta tana kankarewa layi-layi har fata ta yi ja. Jan shi ne shaidar sanyi na fita. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce ai ko bayan mai lafiya aka kankare haka, ja zai yi.

"Inna, kin ji sauƙi?"

"Ba komai, 'yar nan."

Sau uku a mako ake yi, wata biyar cur. Tsohuwa kuma sai ƙara zubewa take. Daga nan ta fara rabar da zannuwanta na batik, har wanda ta ɗaura ranar aurenta. Maƙwabta suka yi ta yabo, wai ga mai tsoron Allah, ta saki duniya. Tukinah kam tsoro ne ya kama ta. Ta ga uwarta na tafiya a kan idonta, ba ta kuma san ta inda za ta riƙe ta ba.

Ranar awon tsofaffi na wata, a barandar mai unguwa, da ƙyar ta lallaɓa ta suka je. Nas ɗin, wata Retno, ta ɗora ta a sikeli, ta duba kati, ta sake dubawa. Kilo bakwai sun tafi. Ta ɗaga rigar za ta sa abin sauraren ƙirji, ta ga sabon shatin kwandala a kan tsohon shati. Sai ta jawo kujera ta zauna gab da fuskarta.

"Kaka, da safe idan kin farka, me kike ɗokin yi?"

Wannan karon Mbah Ngatiyem ba ta ce "ba komai" ba. Ta dai sunkuyar da kai.

Retno ta ja Tukinah gefe. "Wannan ba sanyi ba ne, Yaya. Ciwon damuwa ne, yana kama tsofaffi sosai, kuma yana kisa. Amma ana warkewa. Ki kawo ta asibiti ran Laraba, akwai likitan da ke zama da su."

"Uwata ba mahaukaciya ba ce!"

"Ban ce ba. Cewa na yi ba ta da lafiya."

Da Tukinah ta kira Darmaji a waya, faɗa ya hau ta da shi. "Likitan ƙwaƙwalwa? Ke kanki ɗaya kuwa? Me ta rasa? Ga gida, ga fanka. Gobe a ce a danginmu akwai taɓin hankali, wa zai auri 'ya'yanki? Ki ci gaba da kankare mata, zan aiko da madara."

Washegari da hantsi Tukinah ta ɗauko kwandalar. Uwar ta juya mata baya da kanta, ta sassauta zani, kamar yadda ta saba. Tukinah ta tsaya tana kallon ƙasusuwan nan, hannunta ya ƙi. Sai ta zagayo ta durƙusa a gabanta.

"Inna, don Allah ki gaya min gaskiya. Me ke damun ki?"

Tsohuwar ta ɗago kai ta dube ta.

"Kullum na buɗe ido da safe, sai in ji haushin na farka," ta ce. "Ba wanda ke jira na a ko'ina. Na roƙi Allah ya yafe min wannan tunani, bai tafi ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa zan faɗa wa? Bayana kuke kallo."

Tukinah ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kuka, kukan kunya da na tsoro a haɗe.

Ran Laraba ta ɗauke ta a babur, ba ta gaya wa Darmaji ba. Ta san zai ji, ta san kuma za a yi rigima. A kan bencin asibiti, wata maƙwabciyarsu ta gan su, ta dubi rubutun likitan ƙwaƙwalwa da ke ƙofar, ta kau da kai. Tukinah ba ta motsa ba.

Da aka kira sunanta, Mbah Ngatiyem ta riƙe hannun 'yarta gam.

"Idan ya tambaye ni, in ce ba komai, ko in faɗa?"

"Ki faɗa, Inna. Duka."

"To, kar ki bar ni ni kaɗai a ciki."