Yadda Na Cinye Sunan Malam Isuhu

Ba zan faɗi sunana ba, don ba zai ƙara wa mai karatu komai ba. Ni haifaffen Sabon Gari ne a Maraɗi. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya Faransanci da lissafi daidai gwargwado, daga nan na koma zaman fada, wato majalisar samari, ina shan shayi. Wanda ya tashe ni daga kan benci shi ne Malam Isuhu, aminin mahaifina.

Malam Isuhu kwantabul ne, wato akanta, mai zaman kansa. 'Yan kasuwa da yawa ba sa karanta Faransanci, takardun lanho kuwa, wato haraji, duk da shi ake rubuta su. Shi ke cike musu, ya kai ofishin haraji ya biya, ya dawo musu da takardar shaida mai hatimi. Ranar da ya fara kai ni ofishin, ya tsayar da ni gaban wata ma'aikaciya, Madam Rabi, ya ce, "Wanga ɗana ne. In ya kawo takarda, ni na kawo." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce to. Tun daga ranar ba ta taɓa juya takardata sau biyu ba.

Yana da wata al'ada da ke ba ni haushi. Sau ɗaya a shekara sai ya ɗauki kowane mai shago ya kai shi ofishin da ƙafarsa, ya gaisa da ma'aikata, ya ga inda ake shigar da sunansa. Na taɓa ce masa wannan ɓata man babur ne. Ya ce, "Mu tsakiya muke. In na gaba bai ga na baya ba, na tsakiya shina iya zama komi." Na yi dariya a cikina, na ce tsufa ne.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, aikin ya dawo hannuna, kuma abin da na fara yankewa ke nan. 'Yan kasuwa ma daɗi suka ji, babu mai son barin shago ya je ya yi layi. Madam Rabi ce kawai ta tambaya, "Ina mutanenku, kwana biyu?" Na ce kasuwa ta riƙe su.

Na farko aro na kira shi. Kuɗin wani mai shagon taya na riƙe sati biyu, na biya buƙatata, na mayar, ba wanda ya sani. Na biyu ban mayar ba. Da mai shi ya nemi takardarsa, na sa aka sassaƙa mini hatimi irin na ofishin. Na lura mutanenmu ba rubutun suke dubawa ba, shuɗin tawadar suke dubawa, su naɗe takardar a leda su jefa a akwati. Wasu nakan biya musu don fuskata ta ci gaba da bayyana a ofis, wasu in cinye. Na sayi babur sabo, na kama ɗaki a unguwar Zariya. Ban ji tsoro ba, kuma gaskiya ban ji kunya ba a lokacin.

Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi a Tsibiri, Alhaji Mamman, wanda shi kaɗai yake kewar zuwa ofishin. Wata Litinin ya shigo gari ganin likita, ya ce bari ya biya ya gaida Madam, tunda an daɗe. Cikin hira ya ciro ledarsa yana alfahari bai taɓa fashin biya ba. Ta duba na'ura, ta ga shekara uku ba a biya masa ko dala ba. Abin da na raina shi ya kama ni.

An rufe shaguna da dama kafin a tantance wanda aka cuta. Ni aka kai ni gidan kaso, kuma na cancanta. Malam Isuhu bai ci ko tamma ba, bincike ma ya nuna haka, amma duk takardun da sunansa suka shiga. Ofis ya daina karɓar aiki daga hannunsa. Ya sayar da gidansa ya cike wa mutane abin da na ci, ya koma garinsu Jiratawa.

Da aka sake ni, can na fara zuwa. Na same shi a lambu yana tsinkar zogale, ya rame, yana dogara sanda. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ya yafe tun ina ciki. Na ce ya bari in je ofishin in sake gaya musu bai san komai ba.

Ya ci gaba da tsinkarsa, ya ce, "Sun sani. Ba su ce na yi sata ba. Cewa sunka yi na kawo mutum na ce na san shi, alhali ban san shi ba. Kuma gaskiya sunka hwaɗi."

Na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa. Yanzu dako nake yi a kasuwar hatsi, ba mai ba ni ko takardar siminti in riƙe masa, kuma ban ga laifinsu ba.

Ku samari masu ɗan ilimi da ke shiga tsakanin mutane da hukuma, ga abin da zan ce muku. Ku riƙa kai mai kuɗi ya ga inda kuɗinsa ya shiga, ko bai nema ba. Kada ku riƙe na wani ko kwana ɗaya da sunan aro. In kuma wani babba ya tsaya ya ce ku nasa ne, ku sani sunansa ya ba ku ajiya. Ni na fito kaso, Malam Isuhu kuwa har ya rasu bai sake taka ƙofar ofishin nan ba.