Yadda Muka Haɗa Taken Sarkin Noma Ni da Babana

A lokacin da abin nan ya faru, ni budurwa ce mai ɗan ɗakin ɗaukar sauti a Dogon Dutsi. Ɗaki ne ƙarami da na manne wa kwalin ƙwai a bango, da ordinata guda, wato kwamfuta, da makirfo biyu. Samari mawaƙa ke zuwa in haɗa musu kiɗa a na'ura, kuma ba zan ɓoye ba, kaina hayaƙi yake yi. Babana kuwa makaɗin gangar noma ne, ya ci zamaninsa a gonakin gayya har ƙauyukan Tibiri. Bai taɓa leƙa ɗakin nan ba, don a ganinsa kiɗan da babu fata babu zufa wasan yara ne. Ni ma da taurin kaina ban taɓa cewa ya zo ba.

Sai ciwo ya kada shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ana cikin jinya saƙo ya zo daga wani ƙauye na Tibiri, wajen amininsa na ƙuruciya, tsohon sarkin noma. Tsohon yana kwance rai a hannun Allah, ya ce ba abin da yake roƙo sai ya sake jin takensa, wato kiɗan da Baba ke yi masa shi kaɗai in ya shiga kunyar gona da hauya. Baba ya sa aka sauko da ganga. Hannun dama ya kasa riƙe gula, wato sandar kiɗa, ta faɗi ƙasa. Ya juya fuska bango, ya ce a gaya wa mutumin makaɗinsa ya riga shi mutuwa. Wallahi ban taɓa jin zafin magana irin wannan ba.

Na yi ta lallashinsa har ya yarda na kawo kayan aikina gida. Muka shanya gangar a rana ta ɗau murya, na ce ya riƙe gula da hagu ya ba ni bugu ɗaya-ɗaya kawai ina ɗauka a na'ura: mai nauyi, mai sauƙi, na gefen fata, sannan na yatsu. Ya gaji, ya yi faɗa, ya ce na mai da shi yaron goye. Na shanye. Daga nan ya rera mini taken da baki, na koma na yanyanka bugun nan ina jera su a kan layukan manhaja, kowane daidai wurinsa. Na kawo masa ina taƙama. Ya saurara ya tsuke fuska, ya ce wannan faretin soja ne, ba mai noma da shi. Na ji haushi ƙwarai, na tambaye shi ina kuskuren. Ya ce amininsa dogo ne, in ya tura hauya sai ya ɗan dakata kafin ya janyo, kuma a wannan dakatawar ganga ke jiransa.

Na kashe layukan nan gaba ɗaya. Na sa shi yana motsa kafaɗar hagu kamar mai noma, ni kuma ina matsar da kowane bugu da hannuna, wani gaba kaɗan, wani baya, ina rage ƙarfin wani. Idona ya yi ja, na kori masu waƙa har suka fara zagina a gari. Ranar da kiɗan ya zauna daidai, sai na ga yatsun ƙafar Baba suna bi.

Ni da Baba muka shiga motar haya zuwa ƙauyen, muka ƙarasa a amalanke. Tsohon ya rame ya koma kamar kara. Na ajiye lasifika kusa da kansa na kunna. Ya buɗe ido, kafaɗunsa suka fara tafiya a kan tabarma, yana turawa yana dakatawa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Da kiɗan ya ƙare ya dubi shanyayyen hannun Baba, ya tambaya wa ya kaɗa. Baba ya ɗaga kai ya ce shi ne. Na yi shiruna, kuma ban taɓa alfahari da aikina kamar wannan shirun ba, domin gaskiya ya faɗa: babu bugu ɗaya a ciki da ba hannunsa ba. Tsohon ya ce lallai hannun nan yana nan da nauyinsa. Bai ga girbin shekarar ba.

Abin da ke cina har yau shi ne, Baba yana da taken manoma masu yawa a kansa, kuma na yi shekaru da makirfo a hannu yana da lafiyarsa, girman kai ya hana ni zama gabansa. Bayan dawowarmu ciwon ya kama harshensa. Wannan take ɗaya kaɗai na tsira da shi. Ƴan'uwana masu wannan sana'a, in akwai tsoho mai ganga a gidanku, ku bar jiran ya neme ku. Ku ɗauki makirfo ku durƙusa gabansa tun hannunsa na ɗagawa.