Littafin rijiyoyin mahaifina

Shekarun baya, lokacin da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar, ina haƙar rijiya a Tafo tare da kawuna. Shi daga Nijar ya zo tun yana saurayi, kuma bai taɓa riƙe takarda ba. A Zango, unguwarmu ta baƙi, a kwanakin can, ko sallama aka yi sai an leƙa kafin a amsa.

Ana cikin haka wani mutum ya fara zuwa bakin rijiyarmu, da gajeren wando da 'yar guduma. Ya ce shi ɗalibin ilimin duwatsu ne. Wai ya ji mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar littafin ajami na rijiyoyin da ya haƙa daga Mampong har arewacin ƙasar: gaba nawa aka yi cikin yashi, gaba nawa cikin laka, a ina aka tarar da dutse. Gaskiya ne. Amma kowane shafi yana ɗauke da sunayen mahaƙa da garuruwansu na asali, har da na kawu.

Na tambaye shi me zai yi da yashin mutane. Sai ya jawo wani siririn katako da muka sayo a kasuwar katako ta Anloga, ya ɗora kan bulo biyu, ya aza dutse kusa da gefe. Katakon ya lotsa. Ya ce ƙasa ma ɓangare-ɓangare take, tana motsi a hankali. Tun zamanin da ba wanda ya sani, ɓangare biyu suka yi karo a gabas, ɗaya ya hau ɗaya, tsaunuka suka tashi, nauyinsu ya danne na ƙasan har ya zama kwari. Ruwan sama ya yi ta zaizayar tsaunukan yana zuba yashi da laka a kwarin, hawa kan hawa, har ya cika. Abin da mahaifina ya yi ta ratsawa ke nan.

Na ce Allah mai iko. A raina kuwa na ce lallai ɗan sandan ciki ya iya tatsuniya. Kawu ma ya ce mai yawan tambayar ƙasa, masu taka ta yake nema. Bayan la'asar na cusa littafin a murhu.

Da ya dawo na ce gara ta cinye shi. Sai ya dube ni ya ce:

"Malam, ai ni ko ajamin ban iya ba. Da ma kai ne za ka karanta mini, ka tsallake abin da ka ga dama."

Bayan mako biyu na hango shi a tasha, zaune kan akwati a bayan babbar mota, cikin masu barin ƙasa. Ashe iyayensa 'yan Najeriya ne. Kawu kuwa babu wanda ya taɓa tambayarsa komai, a Zango ya tsufa, a Zango aka binne shi.

Na yi istigfari a kan zaton da na yi wa bawan Allah, ko da yake ban rantse cewa da za a maimaita zan yi daban ba. Tsoro ba ya barin mutum ya ji bayani. Duk rijiyar da na haƙa a arewa bayan nan, da lalube na haƙa ta.