Hoton Ƙirjin Baba

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da aka miƙa wa yayana hoton ƙirjin mahaifinmu a zauren gidanmu na Ƙofar Kibo, a Zariya.

Farkon shekarun casa'in ne. Yaya ya daɗe a Turai, duk unguwa kuma an san ya zama dakta a kan eksire. Abin da ba mu gane ba, nasa eksiren ba na asibiti ba ne. Yana aiki ne da wata na'urar hangen nesa da aka harba sararin samaniya, saboda hasken eksire da ke fitowa daga matattun taurari, iskar duniya ba ta barinsa ya iso ƙasa. Ya sha yi mana bayani, mu dai sai gyaɗa kai.

Da tarin Baba ya tsananta, likitoci suna yajin aiki. An samu an ɗauki hoton, amma babu mai dubawa. Inna ta so a tafi Kaduna, Baffa, ƙanin Baba, ya hana. Ya ce ga namu daktan nan tafe.

Ina tsaye da kwanon kunu lokacin da Yaya ya iso. Ko zama bai yi ba Baffa ya miƙa masa hoton.

"To Dakta, duba mana."

Yaya ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa. Can ya ce, "Baffa, ban iya karanta wannan ba. Aikina a kan taurari ne. A nemo mota yanzu."

Baffa ya dube shi sama da ƙasa. "Kana hango abin da ke bayan sama, amma ƙirjin ubanka ya gagare ka?"

A hanyar Kaduna Baba ya cika. Wajen zaman makoki na ji ana raɗa, wai ga mai duban taurari nan, kamar wani boka. Babu wanda ya ce jinkirinmu ne ya jawo. Bayan sadakar bakwai Yaya ya koma, har yau kuma bai sake kwana a Zariya ba.

Tun ranar na gane cewa mutane kan yi alfahari da ilimin da ba su damu su fahimta ba, in tsammaninsu ya ci tura kuma sai su ɗora wa mai ilimin laifi.